Ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Tarihin neman kuɗin gwamnati domin ayyukan hoto da na kwamfuta a Nijar, 1963 zuwa 2025

Gabatarwa

Duk malami ko ɗalibin da ya taɓa shirya wani aikin al'adu da ya shafi kwamfuta, ko saka ƙamus ne a intanet, ko ceto tsofaffin zarurrukan waƙa kafin su lalace, ko yin fim da ƙaramar kyamara, ya san tambayar da ke tare masa gaba tun kafin ya rubuta layin farko na dosiyensa: ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Wannan ƙasida za ta bi tarihin waɗannan ƙofofi a ƙasar Nijar. Abin da muke nufi da kuɗin gwamnati shi ne duk kuɗin da ya fito daga baitulmalin wata ƙasa ko na wata ƙungiyar ƙasashe. Abin da muke nufi da ayyukan dijital kuwa shi ne abin da Faransanci ke kira numérique, wato hoto ko sauti ko rubutu da aka mayar lambobi domin na'ura ta ajiye shi, ta sarrafa shi, ta kuma watsa shi.

Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa zuwan kwamfuta ya sauya kayan aiki, ya kuma sauƙaƙa tsadarsu ƙwarai, amma tsarin neman kuɗi ya tsaya kusan yadda aka gina shi a 1963. Kuɗin na gwamnati ne, sai dai galibi gwamnatin wasu. Saboda haka ne muka fara daga zaren silima, ko da yake batunmu na'ura mai ƙwaƙwalwa ce.

1. Gishen farko yana Faris

A shekarar 1963 ma'aikatar haɗin gwiwa ta ƙasar Faransa ta buɗe ofishin silima ƙarƙashin Jean-René Debrix. Hanyar da ofishin ke ba da kuɗi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce uwar duk hanyoyin da suka biyo baya. Ko dai mai fim ya aika da labarinsa a rubuce, in an yarda da shi a taimaka masa da kuɗi da ma'aikata, ko kuma ya nemi hanyar ɗaukar fim ɗin da kansa, sa'annan ofishin ya sayi haƙƙin nuna shi ba don kasuwa ba, wato a cibiyoyin al'adu na Faransa da makarantu da ofisoshin jakadanci. Wankin zare da haɗa hoto da daidaita sauti duka a Faris ake yi, domin babu ɗakin wankin zare a nan. Manthia Diawara ya ƙididdige cewa daga cikin finafinai 185 da aka yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci zuwa 1975, guda 125 sun bi ta hannun wannan ma'aikata.

Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi cin gajiyar wannan ƙofa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jean Rouch, wanda ya fara zuwa ƙasar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya san mutanen Yamai ya kuma san na Faris. Umaru Ganda ya fito a fim ɗinsa Moi, un Noir na 1958 da aka ɗauka a Abijan, kafin ya dawo gida ya yi nasa Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame shi ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin Wagadugu a 1972.

Amma wanda ya fi shafar batunmu shi ne Mustafa Alasan, domin shi ne kakan duk mai zanen hoto mai motsi a ƙasar nan. Makanike ne tun asali, mai ƙirƙirar kayan aikinsa da hannunsa. Ta hanyar Rouch ya samu zuwa Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren a hukumar finafinai ta ƙasar, wadda ita ma da kuɗin gwamnati take tafiya. La mort de Gandji na 1965 ya ci kyauta a bikin Dakar na 1966, a wannan shekara kuma ya fitar da Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Mai karatu zai lura cewa zane yana ba mai shi damar faɗin abin da ɗan wasa mai fuska da suna ba zai iya faɗi ba a zamanin jam'iyya ɗaya. Idan muka dubi inda Alasan ya samo kuɗin manyan finafinansa, za mu ga mutum ne da bai taɓa dogara da ƙofa guda ba: F.V.V.A. na 1972 ya yi shi da haɗin gwiwar ƙasar da ake kira Haute-Volta a lokacin, Toula kuma, wanda ya ɗauko daga labarin Bubu Hama, da haɗin gwiwar Jamusawa. Wannan haɗa-haɗen kuɗi daga nan da can, wanda matasa ke ɗauka sabon abu ne na zamanin furoje, ya girme su da shekaru hamsin.

Ba za a yi wa ofishin Debrix adalci ba idan aka ce bai yi amfani ba. In ba don shi ba, da yawa daga cikin waɗannan finafinai da ba a yi su ba sam. To amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ofishin yana zaɓen labarin da ya ga dama, kuma an san ya ƙi labarin La Noire de… na Sembène Usman a rubuce, sai bayan an gama fim ɗin ya sayi haƙƙinsa. Abu na biyu, haƙƙin da yake saye na nunin kyauta ne, alhali gidajen silima na kasuwa suna hannun kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, masu kawo finafinan Indiya da na Amurka. Fim ɗin ɗan ƙasa ya fi sauƙin ganuwa a Faris bisa ga Maraɗi. Abu na uku, wanda illarsa ba ta bayyana ba sai da zamanin dijital ya zo, shi ne uwar zaren tana zama inda aka wanke ta. Da lokacin mayar da tsofaffin finafinai lambobi ya yi, wanda ke riƙe da zaren shi ne ya iya yin aikin. Shi ya sa a yau ɗalibin da ke son nazarin finafinan Ganda da Alasan yakan dogara da kofen da taskar Cinémathèque Afrique ta Faris ta adana, kuma babban nunin ayyukan Alasan na 2017 a gidan tarihin MoMA na birnin New York aka yi shi, shekaru biyu bayan rasuwarsa.

2. Kuɗin gida da inda ya tafi

Kada a fahimci cewa gwamnatin Nijar ba ta taɓa sa kuɗi a al'adu ba. Ta sa, a wasu lokuta ma da yawa. A zamanin Diori Hamani, Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, ya tsaya wa gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda suka zama tushen taskar cibiyar bincike ta IRSH, a 1968 kuma aka kafa a Yamai, tare da UNESCO, cibiyar tattara adabin baka wadda daga baya ta zama CELHTO. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seini Kunce ya tarar da kuɗin uraniyum yana shigowa daga Arlit, na Akuta kuma ya ƙaru a 1978. An farfaɗo da samariya, an fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, bikin matasa yana zagaya manyan biranen jihohi, an gina gidajen matasa da filayen kokowa, a 1979 kuma Télé Sahel ta gaji kayan talabijin na makarantu da aka fara a 1964.

Abin lura a nan shi ne nau'in abin da kuɗin gida ya saya. Ya sayi gini, ya sayi biki, ya biya albashin ma'aikata. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Damagaram ko makaɗan Tawa suna samun motar tafiya da abinci da kyauta, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai babu wani gishe inda mai fasaha shi kaɗai zai kai shirinsa, alƙalai masana su duba, a ba shi kuɗi bisa ƙa'ida sananniya. Wanda ya samu, ta hanyar sanayya ko umurnin wani babba ya samu, kuma abin da aka bayar da baki ana iya janye shi da baki.

Masu fim sun gane wannan tun da wuri. A watan Maris na 1982 suka taru a Yamai suka fitar da takardar da aka sani da Manifeste de Niamey. Ba sadaka suka roƙa ba. Sun nemi a tsara sayar da tikiti yadda za a san abin da kowane gidan silima ya tara, a karkatar da wani kaso na harajin tikiti zuwa asusun shirya finafinai, gidajen talabijin su shiga cikin biyan kuɗin aiki, ƙasashe kuma su haɗa kasuwarsu. Misalin da ke gabansu na Faransa ne ita kanta. Tun 1948 duk tikitin silima da aka saya a can ana cire masa wani kaso, wanda ya daɗe a kan kashi 10,72 cikin ɗari, a zuba a asusun da hukumar CNC ke riƙewa. Hikimar tsarin ita ce fim ɗin Amurka ma yana biya, amma masu shirya fim na gida ne ke ɗiba. Kuma duk lokacin da ƴan kallo suka koma wata sabuwar hanya, harajin yana bin su: talabijin a shekarun 1980, kaset na bidiyo a 1993, masu sayar da layin intanet daga baya, a 2018 har da dandamali irin su YouTube. A ƙarƙashin wannan hukuma ne aka buɗe a 2002 tsarin DICRéAM na tallafa wa fasahar kwamfuta, wanda ya yi aiki shekaru ashirin kafin a narkar da shi cikin wani sabon asusu a 2022. Wato dai fasahar dijital a Faransa ta tarar da rijiya an riga an gina, guga kawai aka ƙara.

Maƙwabciyarmu Haute-Volta ta gwada irin wannan da ta karɓe gidajen silimarta a 1970. Ƙungiyar rarraba finafinai ta ƙasashen Afirka, CIDC, wadda ɗan Nijar Inusa Usaini ya jagoranta daga Wagadugu, ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1980 domin ƙasashen da suka kafa ta ba su cika alkawarinsu ba. A Nijar kuwa takardar ta zo a makare: a daidai lokacin da ake karanta ta farashin uraniyum ya riga ya faɗi.

3. Shekarun fari

A kan wannan zango ba sai mun daɗe ba, domin da yawa cikin masu karatu sun rayu a cikinsa. Daga 1983 ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, kuma a duk inda aka tsuke bakin aljihu ma'aikatar al'adu ce ke fara jin jiki. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a 1989 da kuɗin ƙasashen Turai aka kafa ta. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake biya a ɗakin wankin zare na Faris ya ninka cikin dare ɗaya. Gidajen silima suka yi ta rufewa.

A cikin wannan fari ne wani abu ya tsiro wanda babu gwamnatin da ta shuka shi. Daga 1990, da fitowar Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa na bidiyo suka fara ƙetaro iyaka zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, a kaset da farko, daga baya a faifai. Ɗan kasuwa ne ke zuba kuɗi, mai kallo ne ke mayar masa. Masana na iya kushe ingancin hoton, amma wannan ne karo na farko da Bahaushen Nijar ya samu fim cikin harshensa a ɗakinsa duk mako. A ganinmu wannan ya raba fagen gida biyu har yau: masu neman kasuwa ba su san dosiye ba, masu rubuta dosiye kuma ba kasafai fim ɗinsu ke isa kasuwa ba.

4. Asusun hanyoyin sadarwa da ƙamus na Hausa

Ƙofar farko da aka buɗe takanas domin ayyukan dijital ta fito ne daga ƙungiyar da aka haifa a Yamai. Ranar 20 ga Maris 1970 ƙasashe 21 suka sa hannu a nan kan kafa ACCT, kuma babban magatakardanta na biyu, daga 1974, ɗan Maraɗi ne, Ɗankulodo Ɗandikko. Ƙungiyar ta kafa asusun tallafa wa finafinai da shirye-shiryen talabijin na ƙasashen kudu a 1988. Da intanet ta bayyana, taron shugabanni na Kotonu a 1995 ya nuna fargabar Ingilishi zai mamaye ta, ministoci suka zauna a Monreyal a 1997, taron Hanoi na wannan shekara ya amince, a 1998 aka buɗe Fonds francophone des inforoutes. A daidai wannan lokaci ne kamfanin SONITEL ke shigo da intanet Nijar.

Sharuɗɗan asusun sun bayyana manufarsa. Dole shiri ya haɗa abokan aiki daga ƙasashe da dama na ƙungiyar, har da na kudu. Asusun ba ya ɗaukar dukan kuɗin aiki, sai masu nema sun kawo nasu kason. Abin da za a samar kuma ya ƙara yawan Faransanci a intanet, harsunan ƙasa suna shiga ne a matsayin abokan tafiya. Kowane sharaɗi yana da hujjarsa, amma idan aka haɗa su sakamakon a fili yake. Cibiyar da ke da akanta da asusun banki na kuɗin waje da ma'aikacin da ya saba rubuta irin wannan takarda ita ce za ta riƙe ragamar shiri, kuma irin wannan cibiya ta fi yawa a arewa. Kason da jami'ar kudu ke kawowa galibi lokacin malamanta ne da ɗakunanta, waɗanda ake ƙiyasta su da kuɗi a takarda.

Misalin da ya fi kusa da sashenmu shi ne shirin DiLAF na farkon shekarun 2010, wanda wannan asusu ya biya. Tushensa ƙamusoshi ne na harshe biyu da shirin Soutéba, mai tallafin Jamus, ya buga domin makarantun firamare: Hausa, Zabarmanci, Barebari da Tamajak, kowanne da Faransanci, na Hausa ya fito a 2008 da kalmomi fiye da 7.000. An ƙara da ƙamus na Bambara daga Mali. Chantal Enguehard ta jami'ar Nant da Mathieu Mangeot suka yi aikin tare da masana harshe na INDRAP da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso. Burin shi ne a fitar da ƙamusoshin daga fayil na buga littafi a mayar da su tsarin da na'ura ke iya bincike a ciki, kowane ɓangare da alamarsa: ga kalma, ga lafazi, ga ajin nahawu, ga misali, ga fassara.

A nan ne wata tsohuwar matsala ta fito. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna da gurbinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma dokar ma'aikatar ilimi mai lamba 212 ta 1999 ta tabbatar da su a rubutun Hausa na Nijar. Amma shekara da shekaru masu buga littafi suna aiki da wasu nau'o'in haruffa na dabara, inda ake sace gurbin wata alama a zana ƙ a kanta. A allon mai shi rubutun daidai yake, da an kai shi wata na'ura sai ya rikiɗe. Kafin a yi komai sai da aka bi waɗannan haruffa aka mayar da kowanne gurbinsa na gaskiya. Duk wanda ke da tsofaffin fayiloli na shekarun 1990 a aljihun tebur ya kamata ya san irin wannan aiki na jiransa, kuma ba a cika samun mai ba da tallafi da ke sha'awar biyan sa ba, domin ba abin da za a nuna wa minista ranar buɗe taro.

DiLAF ya yi nasara: ƙamusoshin sun hau intanet, kowa na iya duba su kyauta. Amma a dubi jerin hannuwan. Jamus ta biya littafin, ƙungiyar masu Faransanci ta biya mayar da shi lambobi, dandalin Jibiki da aka ɗora shi a kai a Faransa aka gina shi, Nijar ta kawo harshen da masanansa. Idan aka sa sunan Debrix a wurin asusun, aka sa zare a wurin fayil, labarin 1963 ne.

5. Zamanin ƙaramar kyamara

Kyamarar dijital da kwamfutar haɗa hoto sun kawar da ɗakin wankin zare, wanda shi ne igiyar da ta ɗaure mai fim da Faris. Shi kansa Mustafa Alasan, a ƙarshen rayuwarsa a Tawa, inda ya mayar da wasu ɗakunan otel ɗinsa wurin aiki, ya koma yin zane da kwamfuta. An yi zaton daga nan kowa zai tsaya da ƙafarsa. Abin da ya faru shi ne sababbin masu fim sun fito, amma ta hanyar sababbin gisuna. Sani Magori ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008, kan manoman albasa na Galmi, ta hanyar tsarin Africadoc mai tushe a garin Lussas na Faransa. A'isha Maki ta yi L'arbre sans fruit a 2016, sa'annan Zinder a 2021 da haɗin gwiwar tashoshin waje irin su Arte. Finafinai ne masu nauyi, cikin Hausa ake magana a yawancinsu, kuma sun ɗaga sunan ƙasa. Dalilin da ya sa har yanzu sai an fita waje shi ne kayan aiki ƙaramin kaso ne na kuɗin fim. Shekara biyu ta bincike, albashin ma'aikata, gyaran sauti, fassara, duk waɗannan ba su yi araha ba. Asusun Fonds Sud na 1984 ya zama Aide aux cinémas du monde a 2012, kuma a sabon tsarin galibi kamfanin da ke zaune a Faransa ne ke ajiye takardar nema.

A gida an yi yunƙuri. Wasannin ƙasashe masu Faransanci da Yamai ta karɓa a Disamba 2005 sun jawo kuɗi masu yawa, amma sun tafi inda irinsu suka saba tafiya, gini da biki. An kafa hukumar silima ta ƙasa, CNCN, a 2008. Hukuma mai ofis da ma'aikata daban take da asusu mai kiran masu nema duk shekara, kuma Senegal ta nuna bambancin: dokar da ta tanadi asusunta na FOPICA ta 2002 ce, amma ya zauna fanko har 2014 da aka zuba masa miliyar 1 na sefa. Shekaru uku bayan haka Félicité na Alain Gomis, wanda asusun ya taimaka wa, ya ci kyauta a Balin da Wagadugu. Ko shi ma daga kasafin shekara yake sha, don haka yana hannun ministan kuɗi.

Akwai kuma ƙofar UNESCO. Yarjejeniyar 2005 kan bambancin al'adu, wadda Nijar ta amince da ita a 2007, ta haifi asusun da ya fara ba da tallafi a 2010, iyakarsa dalar Amurka 100.000 ga shiri guda. Takarda tana bi ta hukumar UNESCO ta ƙasa kafin ta wuce, kuma asusun ya fi son shirin da zai gyara tsari, kamar horo ko doka ko ƙididdiga, bisa ga shirya aikin fasaha guda ɗaya. Wanda ya kai masa labarin fim ya ɓata lokacinsa.

Dukan waɗannan ƙofofi suna da aibu guda da ya fi cutar da aikin dijital bisa ga kowane aiki. Furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa, shekara biyu ko uku. Littafin da aka buga yana iya kwana shekara arba'in a kan kanta ba mai kula da shi, a ɗauko a karanta. Fayil ba haka yake ba: faifai yana mutuwa, tsarin ajiya yana tsufa, sunan shafi sai an biya shi duk shekara, na'ura tana son wuta da sanyi da ma'aikaci. Mai ba da tallafi yana biyan na'urar ɗaukar hoto da taron ƙaddamarwa, ba ya biyan shekara ta biyar. Rubuce-rubucen IRSH, waɗanda suka kai kimanin 4.000, da zarurrukan sauti na CELHTO da na gidan rediyon ƙasa, ko da an mayar da su lambobi gaba ɗaya gobe, za su buƙaci layi na dindindin a kasafin kuɗin ƙasa, in ba haka ba kofen ya riga asalin lalacewa.

6. Bayan 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rufe ƙofofi da yawa a ɗan lokaci. Faransa ta dakatar da taimakonta kwanaki uku bayan haka, ta rufe ofishin jakadancinta a Janairu 2024. A Oktoba 2024 aka cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adu ta Yamai aka sa na Mustafa Alasan. A Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, shekaru 55 bayan an kafa ta a babban birninta, kuma a cikin wannan wata kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Ba hurumin wannan ƙasida ba ne ta yanke hukunci kan siyasar waɗannan matakai. Abin da ya shafe mu shi ne lissafi. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana buƙatar ƙamus mai girma a na'ura, allon rubutu mai haruffansa a kowane ofis, taskar matani, kalmomin shari'a da na mulki, kuma asusun da ya biya ƙaramin ƙamus ɗin da muke da shi a intanet na ƙungiyar da aka fita ne. Buƙatar masu fim ta 1982 ta dawo, da bambanci guda. A wancan lokaci gidajen silima kaɗan ne kuma ba a san abin da suke tarawa ba, alhali yau ƴan kallo suna cikin wayar hannu, kamfanonin waya kaɗan ne, kuma kowane kira a rubuce yake. An ma riga an gwada cewa karɓar irin wannan kuɗi mai yiwuwa ne: asusun haɗin kai domin ceton ƙasa da aka kafa a Oktoba 2023 ya haɗa cikin hanyoyin samun kuɗinsa da cire dala biyu, wato sefa 10, a kan kiran waya da sayen layin intanet. An yi shi ne domin tsaro da buƙatun gaggawa, amma hanyar karɓar kuɗin iri ɗaya ce da ta harajin tikiti na 1948.